Shin Tace Mai a Gida Zai Sauko da Farashin Fetur?

Wani ɗan'uwa daga Arewa ya aiko da tambaya yana cewa: an ce mana tallafi ne ke cinye dukiyar ƙasa, an cire shi. An ce shigo da mai daga waje ne ke jawo tsada, yanzu ga matatar Dangote tana aiki. Ɗanyen man nan a ƙasarmu ake haƙo shi, a Legas ake tace shi, to ta ina dala ta shigo, kuma yaushe lita za ta dawo inda talaka zai iya saya?

Malam, tace mai a gida yana rage farashi, ya ma riga ya rage. Sai dai ragin na gomomin naira ne a kan lita, in gasa ta yi zafi ya haura ɗari. Ba zai mayar da mu naira 195 na zamanin tallafi ba, ko da duk matatun ƙasar nan sun kama aiki gobe da safe. Na yi aiki a ɓangaren lissafin saye da dakon mai, kuma abin da takardun lodi ke nunawa shi ne kaso mafi tsoka na kuɗin da kake biya a gidan mai an riga an kashe shi tun kafin man ya shiga matata.

Ɗauki biro mu yi lissafin tare. Gangar ɗanyen mai lita 159 ce. Mu ƙaddara ana sayar da ita dala 70 a kasuwar duniya, kuma dala tana naira 1,500. Ganga ta kama naira 105,000 ke nan. Raba wannan gida 159, ka samu kusan naira 660 a kowace lita. Wannan fa ɗanye ne, ba a tace ba, ba a biya ma'aikaci ko banki ba, tanka ba ta ɗauka ba, mai gidan mai bai ɗora ribarsa ba. Gaskiya ne ganga ba ta ba da fetur zalla. Wajen rabi ne ke fitowa fetur, sauran ya zama man gas, kalanzir, man jirgi da sauransu, kowanne da farashinsa. Amma don gane inda nauyin yake, wannan lissafin ya wadatar. Yanzu bar gangar a dala 70 ɗin, ka mayar da dala naira 460 kamar yadda take a hukumance a watan Mayun 2023: lita ta faɗo wajen naira 203. Babu matatar da aka gina, babu wadda aka rushe, canji kawai aka taɓa. Duk lokacin da dala ta motsa da naira 100, lita na motsawa da kusan naira 44. Duk lokacin da ganga ta motsa da dala 10, a canjin 1,500, lita na motsawa da kusan naira 94.

Shi ya sa nake cewa mutane sun riƙe rana ɗaya sun manta ɗayar. Kowa ya san 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafi ya tafi, bayan kwana biyu NNPC ta kai lita naira 488 a Legas, 537 a Abuja, 557 a Maiduguri. Kaɗan ne ke tuna tsakiyar watan Yunin 2023, lokacin da Babban Banki ya saki naira kasuwa ta yi mata farashi. Daga 460 ta wuce 700 cikin kwanaki, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta zarce 1,500. Wannan na biyun ya fi na farkon illa ga farashin mai.

Akwai kuma wani abu da ya rikita wa jama'a lissafi. Daga Yulin 2023 har zuwa ƙarshen Agustan 2024, gidajen man NNPC na sayar da lita wajen naira 568 zuwa 617, alhali dala ta ninka. Tallafi ne ya dawo ta ƙofar baya ba tare da an kira sunansa ba, kamfanin yana cike gibin da bashi, har ya fito a farkon Satumban 2024 ya amsa cewa bashin masu kawo masa mai ya yi masa katutu. A watan ne lita ta koma 855 zuwa 897. A watan ne kuma, ranar 15, aka fara lodin fetur daga matatar Dangote. A Oktoba farashi ya haura 1,000 a Abuja. Mai kallo daga nesa sai ya ce da zuwan matata mai ya ƙara tsada. Zuwan nata ne kawai ya yi daidai da ranar da aka cire tallafin da gaske.

To me ya sa za a sayar wa matatar gida ɗanyen manmu da farashin duniya? Kalli shinkafa. Injinan casa sun cika Kano, Kebbi da Jigawa, amma buhu bai yi arha ba, domin mai injin sai ya sayi shanshera a farashin kasuwa, manomi kuma ba zai rage masa ba don kawai injinsa a garinsu yake. Ɗanyen mai ma haka ne. Ba duk abin da aka haƙo ne na gwamnati ba. Kamfanonin da suka zuba jari suna da kasonsu, kuma dokar man fetur ta 2021 da Buhari ya sa wa hannu, duk da ta wajabta ba matatun gida ɗanyen mai, ta ce cinikin na yardar mai saye da mai sayarwa ne. Wanda zai iya sayar da gangarsa dala 70 ga jirgin da ke jira a Bonny ko Forcados ba zai ba matatar Dangote da ke Lekki a 40 ba. Kason NNPC ɗin ma ba duka ne a hannunta ba, an jinginar da wani ɓangare don biyan basussuka, irin rancen dala biliyan 3.3 da aka karɓo ta hannun bankin Afrexim a 2023. Ƙasar kuma tana haƙo wajen ganga miliyan ɗaya da rabi ne a rana, matatar Dangote ita kaɗai an gina ta ne don cin 650,000. Wannan ne ya sa ka ji abin mamaki: matata a Legas tana sayo ɗanyen mai daga Amurka, jirgi bayan jirgi, da dala.

Tsarin sayar da ɗanyen mai da naira, wanda ya fara 1 ga Oktoban 2024, mutane da yawa sun yi masa gurguwar fahimta. Farashin na duniya ne, ana dai juya shi zuwa naira a canjin ranar. Amfaninsa shi ne matata ba za ta shiga kasuwa tana farautar dala ba. Ragi kuwa babu. Da wa'adin farko ya zo ƙarewa a Maris ɗin 2025, Dangote ya dakatar da sayar da mai da naira, farashi ya ɗaga nan take, sai da majalisar zartarwa ta ce a ci gaba da tsarin a Afrilu sannan ya lafa.

Za ka ce, to gwamnati ta karya farashin nata kason mana. Tana iya yi, kuma ba haramun ba ne a yi muhawara a kai. Saudiyya da wasu ƙasashen Larabawa haka suke yi. Amma a kira abin da sunansa: tallafi ne, an dai sauya masa riga. Kowace dala da aka rage wa ganga, daga asusun tarayya ta fita, wanda jihohi da ƙananan hukumomi ke rabawa duk wata. A 2022 tallafi ya ci sama da naira tiriliyan 4. Bayan cire shi rabon wata-wata, da a da bai kai tiriliyan ɗaya ba, ya haura tiriliyan 2 a wasu watannin 2025. Inda gwamnoni ke kai wannan ƙarin, wannan wata tambaya ce da ta cancanci a yi musu ita da babbar murya fiye da yadda ake yi. Sannan mai arha ba ya zama a gida. Lokacin tallafi ana cewa muna shan sama da lita miliyan 60 a rana. Da aka cire, adadin ya faɗo wajen miliyan 50 ko ƙasa da haka. Wani ɓangare mutane ne suka jingine motoci, amma wani ɓangaren jarkokin da ke tsallakawa ta Jibiya, Illela, Maigatari da Seme ne suka daina riba.

Nijar ta ba mu darasi a nan kusa. Suna da matatar SORAZ a Damagaram tun 2011, mai cin ganga 20,000 a rana, kuma gwamnati ce ke yanka farashi. A 2024 ta sauke shi zuwa sefa 499. Da man fasa-ƙwaurin Najeriya ya daina kwarara, kowa ya koma gidan mai, matatar ta kasa ɗaukar nauyin, a Maris ɗin 2025 layi ya cika Yamai. Arha a allo, babu mai a famfo. A ɗaya gefen kuma ga Amurka, wadda ta fi kowace ƙasa haƙo mai kuma matatunta ba su ƙirguwa da yatsu, amma a Yunin 2022 galan ya kai dala 5 saboda yaƙin Rasha da Yukren ya ɗaga ɗanyen mai.

Yanzu ga abin da matatar gida ke ragewa da gaske, don kada ka ce na rage mata daraja. A da, fetur ɗinmu daga yankin Amsterdam, Rotterdam da Antwerp yake tasowa cikin manyan jirage. Da yawansu ba sa iya shiga tashoshinmu da cikakken kaya, sai su tsaya a tekun Lome a juye wa ƙananan jirage, su kuma su kawo Apapa, Warri, Fatakwal ko Kalaba. Kowane mataki da kuɗinsa: hayar jirgi, inshora, juyi, kuɗin tasha, kuɗin jira idan jirgi ya kwana bai sauke ba, ga ribar dillalin da ya tsaya a tsakiya. Mu ƙaddara duk wannan ya kai dala 40 a kan tan ɗaya, tan kuma lita 1,340 ne da 'yan kai: naira 45 ke nan a lita. Ko ka ninka shi, bai kai ɗari ba. Wannan shi ne ainihin filin da matatar gida ke da shi na yin ragi ba tare da ta taɓa aljihunta ba. Ribar da ta fi wannan girma ba a allon gidan mai ake ganinta kai tsaye ba. Fetur na daga cikin abubuwan da suka fi cinye mana dala. Idan buƙatar ta ragu, naira na samun numfashi, kuma ka ga abin da naira 100 a canji ke yi wa lita. Ga kuma wadata: dogon layin Disamba da muka saba da shi ya yi sauƙi, 'yan bumburutu sun ragu a bakin titi.

Ko wannan ragin ma ba dole ne ya iso gare ka ba, kuma a nan gizo ke saƙa. Matatar da aka kashe wa kusan dala biliyan 20, da bashin bankuna a kanta, ba gidan sadaka ba ce. Ɗan kasuwa mai hankali zai duba nawa ne man waje ke kamawa idan ya sauka Apapa, ya sa nasa ƙasa da haka kaɗan. Idan aka matsa masa, yana da kasuwa a waje. Matatar ta riga ta tura fetur Kamaru, ta sayar wa Saudiyya man jirgi, kayanta sun kai har Amurka. Abin da ke tilasta sauko da farashi shi ne kishiya. Mun gani a man gas a farkon 2024, ya taso daga wajen 1,600 ya faɗo kusan 1,000 cikin makonni bayan matatar ta fara sayarwa. Mun gani a fetur: a Disamban 2024 Dangote ya sa farashin sari naira 899.50, NNPC ta bi. A ƙarshen Fabrairun 2025 ya koma 825, gidajen MRS a Legas suka sayar 860, NNPC ta sake bi ba don tana so ba. A Disamban 2025 sari ya taɓa 699. Amma a yi adalci wajen rabon yabo. A 2025 ɗin ɗanyen mai ya sauko daga wajen dala 80 zuwa sittin da 'yan kai, naira ma ta ɗan farfaɗo. Idan ka mayar da waɗannan cikin lissafinmu na farko, za ka ga su ne suka ɗauki mafi yawan ragin, gasa ta cike sauran. Ranar da ganga ta sake tashi, farashin Lekki zai tashi da ita.

Saboda haka ni ba na cikin masu cewa a rufe ƙofar shigo da mai gaba ɗaya tunda muna da namu. Na fahimci hujjarsu: babu ƙasar da ke son masana'antarta ta mutu a hannun kayan waje. Amma idan mai sayarwa ya zama ɗaya tilo, zai ci karensa babu babbaka, ko shi waye, kuma mun ga yadda wadatar siminti a gida ba ta sa buhu ya yi arha ba. Harajin kashi 15 cikin ɗari da shugaban ƙasa ya amince a ɗora wa fetur da man gas na waje a Oktoban 2025, aka dakatar a Nuwamba, da ya tabbata da ya ɗaga rufin da matatar gida ke sa farashinta a ƙarƙashinsa. Kai ne za ka biya, ko da ba ka taɓa sayen man waje ba. Ban da farashi ma, akwai hatsarin rataya ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 a wuyan matata guda. Inji yana lalacewa, ana rufe shi don gyara, ma'aikata suna yajin aiki, kamar rikicin matatar da ƙungiyoyin ma'aikatan mai na NUPENG da PENGASSAN a Satumban 2025.

Kishiyar da ta kamata a samu ita ce matatun gwamnati, kuma labarinsu ba ya buƙatar dogon sharhi. Biyu a Fatakwal, ɗaya a Warri, ɗaya a Kaduna, jimilla ganga 445,000 a takarda. A 2021 an amince da dala biliyan 1.5 don gyaran Fatakwal, da wata kusan biliyan 1.5 don Warri da Kaduna. Tsohuwar ta Fatakwal ta tashi a Nuwamban 2024 da kiɗa da rawa, aka rufe ta a Mayun 2025. Warri ta tashi a ƙarshen Disamban 2024, ba ta yi nisa ba ta tsaya. Matatar da ke aiki da asara ba ta iya karya wa kowa farashi, sai dai baitulmali ya riƙa cike mata, mun koma gidan jiya ke nan. Ƙananan matatu irin Waltersmith a Imo da Aradel a Ribas suna ƙoƙari, amma galibi man gas, kalanzir da nafta suke fitarwa.

Tunda daga Arewa ka rubuto, akwai ɓangaren da ya fi shafarka fiye da duk abin da ke faruwa a Lekki, wato dako. A zamanin tallafi akwai asusun daidaita farashi da ke biyan kuɗin kai mai nesa, shi ya sa ake ƙoƙarin sayar da lita kuɗin goro daga Legas zuwa Maiduguri. Wannan ya tafi tare da tallafi. Yanzu tanka mai lita 45,000 za ta yi lodi a Legas, ta bi Ibadan, Ilori, Jebba, Mokwa, ta ratsa ramukan jihar Neja ta fito Kaduna, Zariya, Kano, sama da kilomita 1,000, kwanaki a hanya in an yi sa'a. Man gas ɗin da take sha, tayoyi, kuɗin ƙungiya, na goro a shingaye, duk a kan litarka suke sauka. Ga ran mutane da ke tafiya a banza, kamar a Majiya ta Jigawa a Oktoban 2024 da mahaɗar Dikko a Janairun 2025. Motoci 4,000 masu amfani da iskar gas da Dangote ya ce zai riƙa kai mai da su gidajen mai za su iya rage wani abu, amma mota mota ce, kuma titin bai canza ba.

Shiga ofishin manajan ƙaramin gidan mai ranar da aka sanar da ragi, ka ga dalilin da ya sa allo ba ya saurin sauka. Yaro ya zura sandar awo cikin rijiyar mai, ya zo ya ce saura lita dubu talatin. Man nan an sare shi 800, wato tanka ɗaya naira miliyan 36, kayan da a zamanin tallafi bai kai miliyan 8 ba. Rabin kuɗin na banki ne, a lokacin da Babban Banki kansa ya kai ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari. Sai rediyo ta ce sari ya sauka da naira 60. Idan ya bi nan take, asarar naira miliyan 1.8 ce a kan abin da ke ƙasa. Zai jinkirta har tsohon kaya ya ƙare, sai dai in maƙwabcinsa ya riga shi saukewa motoci suka koma can. Idan kuwa ƙari aka yi, kafin la'asar ya canza allo, yana cewa da sabon farashi zai saro. Rabin maganarsa gaskiya ce, rabin kuma son kai, kuma a garin da gidajen mai biyu ne kacal babu mai hana shi.

Maganin wannan a binne yake a ƙasa. NNPC na da bututun mai na sama da kilomita 5,000 da aka shimfiɗa tun shekarun 1970 zuwa 1990, waɗanda suka haɗa Kaduna da daffon Hotoro a Kano, da Gusau, Jos, Gombe har Maiduguri. Fasa bututu da rashin kula sun kashe yawancinsu, daffo-daffon suka zama wurin ajiye tankoki. Tura mai ta bututu ya fi mota arha nesa ba kusa ba, kuma in da ni ake tambaya inda za a zuba dala biliyan ɗaya ta gaba, nan zan nuna kafin kowace tsohuwar matata. Matatar Kaduna kanta, wadda aka buɗe a 1980, daga baya ta kai cin ganga 110,000 a rana, ba ta da rijiya a bayan gida. Ɗanyen manta ta bututu yake tasowa daga Escravos, ɗaruruwan kilomita. Ko an gyara ta ta koma sabuwa fil, sai wannan bututun ya tsira daga ɓarayi kafin ta ga abin tacewa, kuma gangar da za ta iso mata da farashin duniya za a rubuta mata ita. Abin da za ta cire maka a Kano ko Katsina shi ne kuɗin tankar da ke tasowa daga Legas.